"Dole ne?": Yadda zolayar Beethoven kan florin 50 ta rikiɗe ta zama maganar ƙaddara

Ranar 26 ga Maris 2027 ake cika shekara 200 da rasuwar Ludwig van Beethoven, Bajamushen nan mai tsara kiɗa da aka haifa a Bonn a 1770, wanda ya yi yawancin rayuwarsa a Biyana, babban birnin Ostiriya. Duk lokacin da aka tashi tunawa da shi, akwai wasu 'yan kalmomin Jamusanci da ba a rasa ji: "Muss es sein? Es muss sein!", wato "Dole ne? Dole ne!" Ana ganinsu a takardun shirin wasannin kiɗa, ana ganinsu a jikin hotunan da ake yaɗawa a intanet, kuma kowa da bayanin da yake rako su da shi. Wannan ya ce tsoho ne kurma ya hango ajali yana miƙa wuya ga ƙaddara. Wancan ya ce ba'a ce aka yi wa wani mai hannu da shuni da ya so cin bulus. Wani kuma ya ce mai aikin gidansa ce ta zo karɓar kuɗin cefane. Har akwai masu cewa su ne kalmominsa na ƙarshe a duniya, wanda wannan kam kuskure ne, domin ya rubuta su watanni kafin ya kwanta ciwon ajali.

Tushen ruɗanin wata 'yar gajeruwar waƙa ce ta muryoyi huɗu, irin wadda ake kira kanon, da ya rubuta a 1826 yana da shekara 55. Rera ta sau ɗaya ba ya cin minti guda. Amma karinta ya sake ɓullowa a cikin babban aikinsa na ƙarshe, kuma tun daga nan ake jayayya a kan abin da yake nufi.

Mece ce kanon?

Kanon waƙa ce mai kari guda tal, wadda mawaƙa da yawa suke rerawa ba tare da sun fara a lokaci ɗaya ba. Na farko ya ɗauko waƙar. Yana cikin tafiya, na biyu ya shigo daga farkonta da kari iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya. Na uku ya biyo baya, sai na huɗu. Kowa yana bin sawun na gabansa, ba wanda ya tsaya jiran wani. Ta bambanta da amshin da aka saba ji a waƙoƙin Hausa, inda jagora yake kai baitinsa ya sauke, 'yan amshi su karɓa da nasu. A kanon ba a saukewa. Muryoyin suna hawa kan juna, kuma abin da na farko yake rerawa a tsakiyar waƙa dole ya dace da abin da na uku yake rerawa a farkonta a daidai wannan lokacin. Wanda ya yi makaranta a ƙasar da ake koyarwa da Faransanci wataƙila ya taɓa rera "Frère Jacques" a aji, layi bayan layi. Wannan ita ce kanon mafi sauƙi.

Wahalar tana wajen mai tsarawa. Sai ya ƙera karin da zai yi daɗi shi kaɗai, kuma ya jitu da kansa idan an jinkirta shi sau biyu ko sau uku. Shi ya sa malaman kiɗa na Turai suka mai da ita darasin gwada ɗalibi. Tsohuwar fasaha ce: akwai wata da aka rubuta a Ingila tun a ƙarni na 13 wadda takardarta tana nan har yau. Akwai kuma nau'in da ake kira kanon mai kacici-kacici, inda mai tsarawa zai rubuta layi ɗaya kawai ya ƙi faɗin inda sauran muryoyi za su shigo, ya bar wa wanda aka aika wa ya gano da kansa.

A Biyana ta zamanin Beethoven, kanon ta riga ta sauko daga coci da aji ta shiga majalisar abokai. Ana rera ta bayan cin abinci, ana rubuta ta a littafin tunawa na baƙo. Mozart ya shigar da guda goma cikin jerin ayyukansa a rana ɗaya a watan Satumba na 1788, wasunsu cike da batsa. Haydn, wanda ya koyar da Beethoven bayan isowarsa Biyana a 1792, ya sa an yi wa nasa firam ya rataye su a bangon ɗakin kwanansa da ya tsufa. Beethoven ya ƙara goge wannan fasaha a hannun Johann Georg Albrechtsberger a 1794 da 1795.

Waƙoƙin da ba a ba lamba ba

Beethoven ya bar kanon sama da 40, mafi yawansu daga shekarunsa goma sha wani abu na ƙarshe. Wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu zai ga haruffa uku a gabanta, WoO, maimakon Op. da aka saba gani. Op. ita ce lambar da aka bai wa ayyukan da aka buga a matsayin cikakkun ayyukansa, kuma ta tsaya a 138. WoO taƙaitawa ce ta Jamusanci da ke nufin ayyukan da ba su da waccan lamba. Georg Kinsky ne ya jera su, Hans Halm ya kammala aikin bayan rasuwarsa, aka buga kundin a 1955. Waƙar da ake magana a kanta ita ce WoO 196.

Rashin lambar Op. yana nuna yadda shi kansa ya ɗauke su. Saƙonni ne, ba hajar kasuwa ba. Tun wajen 1818 kurumtarsa ta kai inda baƙi suke rubuta masa maganarsu a wasu 'yan littattafai shi kuma ya amsa da baki. Mutumin da hira ta yi wa wuya haka ya samu wata hanyar barkwanci. A 1823 ya rubuta wa Moritz Lichnowsky, wani basarake abokinsa, kanon da ke ce masa tunkiya. A shekarar kuma ya tari Ignaz Schuppanzigh, mai gogen da ya dawo daga Rasha, da wata da ke tsokanar ƙibarsa. A watan Mayu na 1825, da ya farfaɗo daga ciwon ciki mai tsanani, ya aika wa likitansa Anton Braunhofer wata da ke cewa likita ya rufe wa mutuwa ƙofa. A Satumba na wannan shekarar Friedrich Kuhlau, mai tsara kiɗa da ke zaune a Denmak, ya ziyarce shi a Baden, wani gari kusa da Biyana, aka sha giya har ta yi yawa, washegari Beethoven ya aika masa kanon da aka gina a kan haruffan sunan Bach tare da wasiƙar ban haƙuri. Sir George Smart, baƙo daga Landan, shi ma ya tafi da tasa a cikin watan.

A wannan layin WoO 196 take.

Rikicin florin 50

Ranar 21 ga Maris 1826 aka fara kaɗa wa jama'a wani sabon aikin Beethoven, Op. 130. Kiɗan goge huɗu ne, wato ƙananan goge biyu, matsakaici ɗaya da babba ɗaya, ba mawaƙi ba ganga. Ƙungiyar Schuppanzigh ce ta kaɗa shi. Mai goge na biyu a ƙungiyar wani saurayi ne, Karl Holz, ƙaramin ma'aikacin gwamnati, wanda a lokacin shi ne ɗan aiken Beethoven kuma sakatarensa ba da albashi ba. Masu sauraro sun nemi a maimaita babi biyu daga cikin gajerun, amma babin ƙarshe, doguwar fuga (salon da kayan kiɗan ke shigowa ɗaya bayan ɗaya suna bin kari ɗaya) mai tsauri, ya fi ƙarfin kunnen yawancinsu.

Akwai wani Ignaz Dembscher, jami'i mai hulɗa da ma'aikatar yaƙi ta daular, mai kuɗi kuma mai son kiɗa, wanda yakan tara baƙi a gidansa a kaɗa musu irin waɗannan ayyuka. Bisa labarin da Holz ya bayar, Dembscher bai sayi tikitin wasan Schuppanzigh ba, har ma ya yi alfaharin cewa zai sa a kaɗa aikin a falonsa, tunda samun takardun daga hannun Beethoven ba wuya ba ne a gare shi. Maganar ta koma kunnen Beethoven. Da Dembscher ya aiko neman takardun, aka hana shi. Ya tambayi Holz yadda za a yi a shirya. Holz ya ce abu na farko shi ne ya aika wa Schuppanzigh florin 50, kuɗin da ya kamata ya biya tun farko. Dembscher ya yi dariya ya ce, "Dole ne?" Holz ya kai wa Beethoven labari, shi ma ya fashe da dariya, ya jawo takarda ya rubuta kanon nan take. Kalmominta ba su da yawa: dole ne, dole ne, i, i, i, i, fito da jakar kuɗi. A samanta ya rubuta umurnin a rera ta da sauri da zumuɗi.

Akwai abin da masu ba da labarin suke yawan karkatarwa. Sau da yawa za a ji an ce Dembscher bashin Beethoven ya ci. A ruwayar Holz kuɗin na Schuppanzigh ne. Beethoven ya tsaya ne wa makaɗin da ya ɗauki nauyin wasan, ya kama zaure, ya yi atisaye, ya sa sunansa a kan aikin da ba a san ko zai karɓu ba.

Me ya sa takardu suka zama makami?

A Biyana ta 1826 babu tsarin da ke biyan mai tsara kiɗa duk lokacin da aka kaɗa aikinsa. Ƙungiyar farko mai karɓar irin wannan kuɗi, SACEM, sai a 1851 aka kafa ta a Faransa, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Berne kan haƙƙin mallaka kuwa sai 1886. Hanyoyin samun mutum irin Beethoven ƙalilan ne: wani attajiri ya yi odar aiki ya biya, mai maɗaba'a ya saya sau ɗaya shi ke nan, ko ya shirya wasa da kansa ya ɗauki riba ko asara, ko ya samu ubangida mai ba shi alawus. Da zarar an buga aiki, duk wanda ya sayi kwafi yana iya kaɗa shi a inda ya ga dama. Kafin a buga kuwa, ikon yana hannun mai riƙe da takardun da aka kwafa da hannu. Op. 130 bai fito daga maɗaba'ar Artaria ba sai a watan Mayu na 1827. Ke nan a 1826 duk mai son jin sa sai ya bi ta hannun Beethoven.

Schuppanzigh yana cikin waɗanda suka fara fitar da kiɗan goge huɗu daga falon sarakuna zuwa zauren da kowa zai shiga da kuɗinsa, tun wajen 1804. Tsarinsa shi ne mutane su biya kuɗin jerin wasanni tun gaba. Idan masu kuɗi irin Dembscher za su ƙaurace wa zaure su jira a kawo musu aikin gida kyauta, wannan tsarin ba zai kai labari ba.

Shi ma Beethoven damuwar kuɗi ba ta taɓa barinsa ba, ko da yake bai talauce yadda yake kuka ba. A 1809 manyan mutane uku, Yarima Rudolph ƙanin sarkin daular, da Yarima Lobkowitz, da Yarima Kinsky (ba mai kundin nan ba), suka yi masa alkawarin florin 4,000 a shekara don kada ya bar Biyana. A 1811 gwamnati ta karya darajar kuɗin takarda zuwa kashi ɗaya cikin biyar. Kinsky ya faɗo daga doki ya mutu a 1812, Lobkowitz ya shiga matsin bashi, sai da aka yi ta kai ruwa rana kafin alawus ɗin ya daidaita. Daga 1815 kuma ya ɗauki riƙon Karl, ɗan marigayi ƙaninsa. Ya sayi hannun jarin banki guda takwas a 1819 ya ajiye wa yaron, ya ɗauke su kamar ba nasa ba. Bakwai suna nan a ɓoye lokacin da Beethoven ya mutu, kwanaki kaɗan bayan ƙungiyar Philharmonic ta Landan ta aiko masa da tallafin fam 100. Shi kansa Op. 130 ɗaya ne daga cikin uku da Nikolai Galitzin, wani basarake na Rasha, ya yi oda a 1822 a kan dukat (kuɗin zinare) 50 kowanne, kuma biyan ya yi ta jan ƙafa. A Satumba na 1826 Beethoven ya sake rubuta wa Holz wata kanon, WoO 197, wadda ke cewa ga aiki nan a nemo kuɗi, sannan muryoyin su ƙirga dukat daga 1 zuwa 12. Ladan da yake nema ke nan a hannun Artaria na mayar da fugar nan zuwa kiɗan piyano na mutum biyu.

Daga raha zuwa Op. 135

A tsakiyar 1826 abubuwa suka dagule. Karl, yana ɗan shekara 19, ya harbi kansa a ka a wani kufai kusa da Baden. Bai mutu ba. A ƙarshen Satumba Beethoven ya tafi da shi Gneixendorf, gonar ƙaninsa Johann kusa da Krems, don raunin ya warke kafin ya shiga soja. A can ne, a watan Oktoba, ya kammala Op. 135, kiɗan goge huɗu na ƙarshe da ya tsara daga farko har ƙarshe. Abin da ya biyo bayansa shi ne sabon babin rufewa na Op. 130, wanda ya rubuta a Nuwamba don maye gurbin fugar da aka ware aka buga daban a matsayin Op. 133.

A saman babi na huɗu na Op. 135 ya rubuta take: "Der schwer gefasste Entschluss", shawarar da aka yanke da ƙyar. A ƙarƙashin taken ya zana gajerun layukan kiɗa biyu da kalmomi a gindinsu. Na farko sauti uku ne a ƙasa, a hankali, da nauyi: ya sauka kaɗan sannan ya hau ya tsaya a wurin da kunne bai natsu da shi ba. "Dole ne?" Na biyu shi ne na farkon aka kifar: ya hau kaɗan sannan ya sauka, da sauri, aka maimaita shi mataki ɗaya ƙasa. "Dole ne! Dole ne!" Wannan amsar ita ce karin kanon ɗin Dembscher. Ba wanda yake rera kalmomin a wasa, goge ne kawai ke kaɗa karin. Mai karanta takarda ne yake ganinsu.

Babin yana buɗewa da tambayar, cikin duhu, manyan gogen biyu suna yin ta daga ƙasa. Sai amsar ta ɓarke cikin walwala, har da wani kari mai sauƙi kamar na yara. A tsakiya tambayar ta dawo da ƙarfi fiye da farko, ƙananan gogen suna karkarwa a samanta. Kusa da ƙarshe makaɗan suka ajiye baka suna tsinkar tsirkiya da yatsa a hankali, sannan aka rufe da amsar da ƙarfi. Babin da ya gabace shi kuwa mai sanyi ne ƙwarai, wanda a takardun gwajinsa Beethoven ya kira shi waƙar hutu ko waƙar salama. An buga aikin a Satumba na 1827, bayan mutuwarsa, aka fara kaɗa shi a bainar jama'a a Maris na 1828.

Shaidu uku, nauyinsu ba ɗaya ba

Labarin Dembscher daga bakin Holz ya fito, kuma sai a shekarun 1840 aka buga shi tare da hoton rubutun kanon ɗin. Holz mutum ne mai son raha, ana iya zarginsa da ƙara gishiri. Sai dai yana da abin da sauran ba su da shi: waƙar kanta, da maganar jakar kuɗi a cikinta, ga kuma sunan Dembscher da ke fitowa a littattafan hira na 1826.

Labarin mai aikin gida daga Anton Schindler ya fito, wanda ya yi wa Beethoven sakatare kafin Holz, ya kuma wallafa tarihin rayuwarsa a 1840. A cewarsa tsohuwar takan zo ranar Asabar neman kuɗin mako, maigidan ya yi gunaguni ya ce dole ne, ta ce dole ne. Schindler da Holz ba sa ga maciji da juna, domin Holz ne ya maye gurbin Schindler bayan Beethoven ya zargi Schindler da cuta a kan kuɗin wasan 7 ga Mayu 1824, ranar da aka fara kaɗa Simfoni ta Tara (simfoni dogon kiɗa ne na babbar ƙungiyar makaɗa). Bayan mutuwar Beethoven littattafan hirar sun koma hannun Schindler kafin ya sayar wa ɗakin karatu na sarki a Barlin. A 1977 wasu masu bincike biyu, Dagmar Beck da Grita Herre, suka nuna cewa ya cusa rubuce-rubucensa masu yawa a shafukan da ke da sarari bayan mai littafin ya mutu, don a ɗauka shi ne na hannun damansa. Tun daga lokacin masana ba sa karɓar maganar Schindler sai in wata shaida ta goyi bayanta.

Na uku shi ne Moritz Schlesinger, mai maɗaba'a a Faris, wanda gidansu ya buga Op. 135. Ya ce Beethoven ya rubuto masa cewa babin ƙarshe ya ba shi wahala, bai so rubuta shi ba, wasiƙun matsin lamba ne suka sa ya daure, shi ya sa ya sa wannan take. Wasiƙar ta asali ba ta nan. Schlesinger daga ƙwaƙwalwarsa ya kawo ta, fiye da shekara 30 bayan faruwar abin. Ba ta ci karo da labarin Holz ba, domin mutum yana iya ɗauko tsohuwar zolaya ya yi wa mai matsa masa sabuwa da ita.

Abin lura, duk ukun maganar biya ko cika alkawarin ciniki suke yi. Babu ɗaya daga cikin waɗanda suka san shi da ya ce ya ji shi yana danganta kalmomin da mutuwa.

Masu ganin ƙaddara da masu ganin raha

Masu fassarar ƙaddara ba su rasa hujja ba. Suna cewa asalin kari daban, abin da aka yi da shi daban. A kanon amsa ce kawai ake rerawa. Tambayar mai nauyi a cikin Op. 135 aka ba ta kiɗa, kuma wanda ya saurari dawowarta a tsakiyar babin zai ji cewa ba da wasa aka rubuta ta ba. Suna nuni da halin da yake ciki a Oktoba na 1826: yaron da ya ɗauka kamar ɗansa ya gwammace harsashi da zama ƙarƙashinsa, ya amince da ƙyar a bar shi ya shiga soja, ƙafafunsa sun fara kumbura. Idan akwai shawarar da aka yanke da ƙyar a wannan wata, in ji su, ita ce ta sakin Karl. Suna kuma tuna cewa shi ne mutumin da ya rubuta wa 'yan'uwansa a Heiligenstadt a 1802 cewa kurumta ta kusa sa ya kashe kansa, fasaha ce ta riƙe shi.

Masu fassarar raha suna cewa nauyin tambayar shi ne barkwancin. Kiɗan yana kwaikwayon attajirin da aka ce ya fito da florin 50 ya kama kai kamar an yi masa mutuwa. Suna nuna cewa Op. 135 ya fi sauran ayyukansa na ƙarshe gajarta da sauƙin kai, ya fi kusa da salon Haydn, wanda ya shahara da wasa da hankalin mai sauraro. Suna kuma kawo wani ɗan umurni da ke ƙarshen kashi na biyu na babin, inda aka rubuta da Italiyanci cewa a maimaita shi in an ga dama. Babin da aka yi wa take da dole, ga shi an bar wa makaɗa zaɓi.

Idan aka auna, ɓangaren raha ya fi ƙarfi a kan tambayar inda karin ya fito, domin takarda tana bayansa. A kan tambayar abin da babin yake nufi kuwa, takardar ba ta yanke hukunci ba. Ɓangaren ƙaddara yana dogara ne da abin da kunne ke ji da kuma tarihin watannin, ba da wata magana ta Beethoven ba. Masana da yawa a yau suna tsayawa a tsakiya, suna cewa haɗa abin dariya da abin tsoro a wuri ɗaya ɗabi'arsa ce a ayyukan ƙarshe: ciwon 1825 da ya haifar da zolayar likita shi ne kuma ya haifar da doguwar waƙar godiya ga Ubangiji da ke tsakiyar Op. 132.

WoO 196 ba ita ce kanon ɗinsa ta ƙarshe ba. Ya dawo Biyana a farkon Disamba cikin sanyi ba shi da lafiya, ya aika wa Holz wasiƙa da wata kanon mai kacici-kacici, WoO 198, wadda ke cewa dukanmu muna kuskure, sai dai kowa da irin nasa.

Abin da ya shafi mai sauraro da mai koyarwa

Wanda zai yaɗa kalmomin a matsayin hikimar Beethoven game da ƙaddara yana yaɗa fassarar wasu ne. Abin da za a iya jingina masa kai tsaye shi ne ya rubuta su a wuri biyu, ɗaya da maganar jakar kuɗi, ɗaya da taken shawara mai wuya.

Mai son ji da kunnensa sai ya nemi lambobin biyu, WoO 196 da Op. 135 babi na huɗu. Na biyun yana ko'ina. Na farkon ya fi samuwa a cikin tarin cikakkun ayyukansa da kamfanoni irin su Deutsche Grammophon da Naxos suka fitar don cikarsa shekara 250 da haihuwa a 2020. Zai kuma tarar cewa ƙungiyoyin makaɗa ba sa kaɗa babin iri ɗaya. Wasu suna jan tambayar su nauyaya ta, wasu suna yi mata ƙarin gishirin da ke nuna wasa ne, wasu suna maimaita kashi na biyu, wasu suna wucewa. Jayayyar masana ce take fitowa a hannun makaɗa, kuma mai sayen tikiti ɗaya daga cikin fassarorin yake saya ko bai sani ba.

Ga malaman kiɗa da shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa a makarantu da coci-coci, waɗannan waƙoƙi ba sa buƙatar kayan kiɗa ko kaɗan, kuma haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, kowa yana iya rerawa ko kwafa. Abin da ke da haƙƙi shi ne sabon bugu da wani edita ya yi wa aiki, da kuma faifan da wata ƙungiya ta naɗa.

Akwai tarko ɗaya a cikin jerin. WoO 162, kanon ɗin da ke kwaikwayon ƙarar na'urar auna saurin kiɗa ta Johann Nepomuk Mälzel, an daɗe ana koyar da cewa daga ita babi na biyu na Simfoni ta Takwas ya samo asali. Schindler ne kaɗai tushen wannan labari, kuma bayan binciken shekarun 1970 masana sun karkata ga cewa shi ya ƙirƙire ta daga karin simfonin ya jingina wa maigidansa. Kundin 1955 ya riga ya ba ta lamba kafin a gano haka, saboda haka har yanzu ana cin karo da ita a tsofaffin littattafai da wasu faya-fayai da sunan Beethoven a kanta.